Mamman Shata: muryar da kaset ya tsallakar iyaka kafin masana su waiwaye ta

Duk wanda ya taɓa yini a kasuwar Gidigir, kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da Difa, ya san hayaniyar da ke fita daga rumfunan masu cajin salula. Nan samari ke miƙa waya a zuba musu kaya a memori: waƙoƙin finafinan Kano, rap na Yamai, wa'azi, karatun Alƙur'ani. Amma da wuya rana ta karkata ba a ji kalangu ya ratso ba, wata murya mai kauri ta hau kansa, ƴan amshi na karɓa mata. Dillalin raƙuma Batube, mai shayi Bahaushe, tsohuwa Babarbariya mai tallar kanwa, babu wanda zai tambayi ko wane ne. Alhaji Mamman Shata ne, wanda ya bar duniya tun 1999.

Shata ba ɗan Nijar ba ne, kuma ba a lakwal mutanen Muniyo da Manga suka san shi ba. Rediyo ne ya kawo shi, kaset ya zaunar da shi. Masu alƙalami, waɗanda aikinsu ne su auna mawaƙi su ce ga matsayinsa, sun iso ne bayan talakawa sun gama yanke nasu hukuncin.

Ɗan gidan da bai gaji roƙo ba

An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923 bisa lissafin da aka fi yarda da shi. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya kama waƙa ba. Ƙin nan nasa ba taurin kai ba ne kawai. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci kiɗa da roƙo gado ne, kamar ƙira ko wanzanci, kuma gado ne da ake ajiye shi can ƙasa. Makaɗi na iya shiga gaban sarki, amma ba kowa ne zai ba shi ƴarsa ba. Yaron da bai gada ba ya ɗauka da kansa, to ya jawo wa dangi magana.

An sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai ya shiga tallar goro, daga baya alewa. A wannan yawon ne laƙabin Shata ya kama shi, daga bakin wani ɗan uwansu, har ya shafe sunansa na yanka, Muhammadu. Da dare yana zuwa dandali yana rera wa ƴan mata da samari waƙa, ba don kuɗi ba. Sai aka wayi gari mai alewa ya fi makaɗan gado tara jama'a.

Kayan kiɗan da ya zaɓa ma abin lura ne. Kalangu ba gangar fada ba ce. Ta mahauta ce, ta dandali da biki da ƴan dambe. A fadojin Gobir da Zamfara kotso ake bugawa, irin na Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Kalangu kuwa ana saƙale shi a hammata, makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka cikin magana. Shi ya sa ake cewa yana magana. Shata ya ɗauki wannan gangar talakawa ya kai ta gaban sarakuna da gwamnoni, bai taɓa musanya ta ba har ya mutu.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya yi aure ya zauna wasu shekaru yana zaga garuruwan Katsina da Zazzau. Sunansa ya fashe ne a Kano a 1952, a wani babban biki da aka aurar da ƴaƴan sarauta da dama lokaci guda, wanda ake kira Bikin Ƴan Sarki. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa, ya mai da ita gida kusan shekara arba'in, ko da yake rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

Faifai, rediyo, kaset

Shata mawaƙin fili ne. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida, ya haddace, sannan ya fito da ita. Yana tsayawa gaban jama'a, makaɗa su ɗauki kiɗa, ya jefa amshi, daga nan ya riƙa ɗora baiti bisa abin da idonsa ya gani: wanda ya shigo, wanda ya yi kari, wanda ya noƙe. Waƙa ɗaya tana iya cin minti goma yau, gobe ta ci rabin awa.

Irin wannan mawaƙi bai dace da faifan garmaho na farko ba, wanda kowane gefensa bai wuce kamar minti uku ba. Babban faifai da ya biyo baya, mai ɗaukar kusan minti ashirin a gefe, ya fi ba shi sarari, kuma irinsa ne kamfanin EMI na Najeriya ya riƙa buga masa. To amma faifai kayan mai kuɗi ne kuma kayan birni. Yana son na'ura mai allura, yana son inuwa, don zafin rana lanƙwasa shi yake yi, rairayi kuma ya karce shi. A gari irin Gidigir na shekarun 1960, faifai ba shi da wurin zama.

Rediyo ne ya fara buɗe hanya. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyonta a Kaduna, kuma muryarsa a gajeren zango ba ta tsayawa a shingen duwan. Duk mai ƙaramar rediyo da batir a Magarya, Mirya ko Gure yana kama Kaduna, wani lokaci ma fiye da yadda yake kama Yamai. Rediyon Nijar, da aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, yana da nasa gwanaye, su Ɗan Gurmu na Tawa da Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Mai saurare bai ga dalilin zaɓar ɓangare ba. Yana murɗa rediyo daga wannan zuwa wancan, kuma a filin zaɓi sonka na Kaduna sunan Shata ba ya ɓacewa.

Sai kaset ya zo ya gama aikin. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma sai cikin shekarun 1970 ya cika kasuwannin wannan yanki. Lokacin ya zo daidai da abu biyu: kuɗin man fetur a Najeriya, da farin 1973 zuwa 1974 a Sahel, wanda na 1984 ya biyo bayansa. Dubban magidanta daga ƙasar Damagaram da Gure sun tafi cin rani Kano, Maiduguri, har Legas. Wanda ya samu ya dawo da turmin atamfa, da keke, da rakoda. Cikin rakodar nan, sau da yawa, Shata ne.

Kaset ya dace da shi kamar an auna. Yana ɗaukar awa guda ko awa ɗaya da rabi. Yana jure ƙura da zafi. In zaren ya tsinke a liƙe shi, in ya warware a naɗe shi da biro. Uwa uba, ana kwafarsa. Mai rumfa a Kano ya sayi ɗaya ya juya ɗari, direban kamiyo ya kawo Damagaram, wani ya sake juya hamsin. Wasu ma ba daga faifai aka kwafo su ba: wani ne ya ajiye rakoda a gefen filin biki, ko ya danna ta lokacin da rediyo ke sa waƙar.

Ta fuskar doka wannan satar fasaha ce, kuma babu ko dala da ta koma aljihun Shata daga yawancin kaset ɗin da aka sayar a Nijar. Sai dai shi ba da cinikin faifai yake ci ba. Arzikinsa na hannun waɗanda yake wa waƙa: riguna, dawaki, motoci, kuɗin da ake liƙa masa a fili. Kowane kaset da ya tsallaka iyaka ƙara wa waƙarsa tsada yake yi, domin attajirin da aka ambata ya san za a ji sunansa daga Kumasi zuwa gaɓar tafkin Cadi. Ɓarayin sun cuce shi, sun kuma yi masa talla kyauta.

Abin da wannan ya bari shi ne tarin da babu mai iya ƙirga shi. An san Shata da kansa bai riƙe adadin waƙoƙinsa ba. Bakandamiya, babbar waƙarsa ta kirarin kai, tana da zubi iri-iri, kowane da baitocin da babu su a ɗayan, kuma masoyansa na iya kwana suna gardamar wanne ne na gaske. Yawancin kaset ɗin babu shekara, babu sunan gari, babu sunan makaɗan da suka riƙe masa kiɗa shekara da shekaru. Wannan na ƙarshe shi ne babban zaluncin: rabin daɗin waƙar Shata daga hannun masu kalangu yake fita, amma hoton mutum ɗaya ne a bayan kwali.

Masu hukunci iri uku

Na farko da suka auna shi malamai ne, kuma ba su yi masa sauƙi ba. Kiɗan da ke haɗa maza da mata cikin dare dama ba ya cikin abin da suke so. Shata ya ƙara musu hujja da wata waƙa da ta shahara ƙwarai, wadda ta tsaya wa masu shan barasa. Har yau akwai gidajen da ba a sa ta. Amma mutumin nan ne dai ya yi waƙar yabon Annabi Muhammadu (SAW) da tsofaffi ke saurare da asuba, ya yi wa mata waƙar kira zuwa ga aure, ya yi wa manoma ta komawa gona. Mai rumfar kaset ya jera su duka a kanta ɗaya, ya bar mai saye da zuciyarsa.

Na biyu su ne masu kunnen fada, waɗanda suka tashi da Narambaɗa. A wurinsu waƙa ita ce wadda aka saƙa a natse, aka cika ta da tsohuwar Hausa, da habaici mai zurfi, da tarihin gidan sarauta, ƴan amshi suka haddace ta tsaf. In aka ɗora Shata a wannan sikeli sai su ce yana maimaici, yana jan baiti, yana yi wa kowa waƙa in dai ya biya. Akwai gaskiya cikin zargin. Wasu waƙoƙinsa na attajirai jerin sunaye ne da lissafin kyauta, kuma da ba don kiɗan ba da ba mai komawa kansu. Amma sikelin ne bai dace ba. Mawaƙin fada na da ubangida ɗaya, yana kuma mutuwa a ƙofarsa. Shata ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Hassan Sarkin Dogaran Kano, sannan ya juya ya yi wa direba, da mahauci, da dillaliya, da sojan da ke bakin daga a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Ya yi wa Dajin Rugu waƙa. Da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 tasa, cikin harshen da mai noman gero zai gane. Babu makaɗin kotso da zai fita wannan gona, ko da yana so.

Kuma ana tsoronsa. Zambonsa, irin na Gagarabadau, ba a fili ɗaya yake tsayawa ba kamar zambon makaɗan da. Da ɗin, in maroƙi ya ci mutuncin mutum, waɗanda suka halarta ne suka ji, sai ƴan tsegumi su kai gaba. Zamanin kaset kuwa, zagin na shiga mota ya yi tafiya, a yi ta maimaita shi har jikoki su ji. Wannan ƙarfi ne da babu mawaƙin Hausa da ya taɓa riƙe irinsa kafin shi, kuma ba kullum ya yi amfani da shi bisa adalci ba.

Na uku ƴan jami'a ne. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa, tun daga nan Dakta ya manne wa sunansa. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON. Sa'idu Muhammad Gusau ya sa shi cikin ayyukansa kan makaɗa da mawaƙan Hausa, Graham Furniss na Landan ya tattauna shi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah, babban littafin tarihin rayuwarsa. Ɗan Ibrahim Yaro, wanda aka hana waƙa don gudun abin kunya, ya sa hular jami'a yana da shekara sittin da biyar.

Wannan aiki ya ceci abubuwa da yawa daga ɓacewa. Rauninsa ɗaya ne: ɗalibi ya zauna da rakoda, ya kwafe baitoci a takarda, ya ƙirga salon kamance da na jinsarwa, ya samu digiri. Amsar da kalangu ke ba mawaƙin, ɗan jinkirin da yake yi kafin ya saki suna, shewar mata in habaici ya faɗa inda aka nufa, duk sun zube a hanya. Shata a takarda ya fi Shata a kunne talauci nesa ba kusa ba.

Abin da Turai ta ji da abin da ba ta ji ba

Shata ya yi tafiye-tafiye, a Afirka ta Yamma duk inda Hausawa ke zango, har Ingila da Amurka. Duk da haka kasuwar kiɗan duniya ba ta taɓa buɗe masa ba. Turawan da suka fara naɗar kiɗan Hausa masu bincike ne. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zaga Nijar yana naɗa wa kamfanin Ocora na Faransa kiɗan makaɗan gargajiya, David Ames kuma ya yi irin wannan aiki a ƙasar Zazzau. Faifan nasu ɗakunan ajiya suka nufa, a matsayin al'adar wata ƙabila. Lokacin da masu sharhi a Landan da Paris suka fara rububin kiɗan Najeriya, Fela suka gani, da King Sunny Ade wanda kamfanin Island ya fitar wa faifan Juju Music a 1982. Akwai jita, akwai ƙaho, akwai abin rawa. Gwanintar Shata kuwa cikin Hausar take, kuma wanda bai ji Hausa ba ganga kawai zai ji da wani dattijo na magana.

Nijar na da mutumin da ƙaddararsa ta zama kishiyar wannan, kuma ajiye su gefe da gefe na nuna yadda na'ura ke yanke wa mai fasaha rabo. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga kusa da Yamai a 1942, yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Ya koyi aiki kusa da Jean Rouch, ya je Kanada wurin Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren zane inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da faretin sojoji da dukan burgar masu mulki. Zambo ne tsantsa, irin wanda Shata zai gane nan take. Daga baya ya yi Kokoa, inda ƴan tsana masu siffar kwaɗi da hawainiya ke kokawa a fili, da mai gabatarwa da makaɗa, kamar yadda ake yi a gasar takobi.

Masu sharhin Turai sun ɗauke shi sama. Faransa ta ba shi lambar girma a Cannes a 2007, gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna ayyukansa a 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa a Wagadugu. Amma fim na son majigi, da lantarki, da allo, da wanda zai ɗauko naɗin daga Yamai ko Paris. Alasan ya san haka, shi ya sa ya yi ta yawo da sinimar tafi da gidanka, ya kuma ƙare rayuwarsa a Tawa yana koya wa matasa zane. Bai isa ba. Ƴan lakwal na shekarun 1970 da 1980 sun fi sanin Kouakou, mujallar zane da Faransa ke rabawa a makarantu tun 1966, fiye da kwaɗin ɗan ƙasarsu. A aji ana karanta musu Faransanci, ana kiran kiɗan gida folklor. In an tashi su koma gida su tarar da uba ya kunna Shata. A tambayi mutum goma a kasuwar Gidigir yau wane ne shugaba Sim, sannan a tambaye su Bakandamiya.

Siyasa da ƙarshen tafiya

Shata ya taɓa siyasa, bai kuma ji daɗinta sosai ba. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu ya shiga GNPP, ya koma NPN. A ta uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, aka tsige shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki bai iya zaman kwamiti ba.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da tasowar wani sabon sauti a Kano: fiyano, muryoyi masu kwaikwayon Indiya, da finafinan bidiyo. Matasa sun fara juya baya ga kalangu, masu rumfa suka mai da kaset ɗin Shata can kantar baya. Bai daɗe a can ba. Da kaset ya mutu aka juye shi zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori, yanzu yana YouTube da WhatsApp, da shuwar tsohon zare da tarin wani baƙon biki da aka naɗa tare da shi. Kowane juyi na rage ingancin sautin. Naɗin asali, waɗanda suka tsira, suna ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatunan wasu masoya da su ma suke tsufa.

Rashin lafiya ya kwantar da shi, aka kai shi Jidda, aka dawo da shi Kano. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba. An rufe shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Daga can tafiya kaɗan ce zuwa Kwangwalam da Ɗan Barto, inda hanya ke shiga Nijar ta bi ta Matamaye zuwa Damagaram.